Nata'ala Baduku da Gwaggo Mai Laima

Duk wanda ya san layin dukawa a Kasuwar Kurmi ya san Nata'ala. Siriri ne, mai ɗan gemu kamar an ɗiga masa, kuma tun yana ɗan shekara tara basilla take hannunsa. Jaka, kube, takalmi, babu abin da ba ya ɗinkawa. Babban yatsansa na dama ya yi kanta, in ya matse maka hannu wajen gaisuwa sai ka tuna da shi har gida. Ga mata ga 'ya'ya biyu, salla a kan lokaci, ba taba ba yawon banza. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: gem.

Taubashinsa Lawal, ɗan kawunsa, shi ya ja masa. Ya buɗe wani ɗan shago a Zaitawa, talabijin ɗaya, benci biyu, da janareta mai tarin tsiya. Gem ɗin faɗa ake yayi a lokacin. Mayaƙa goma sha biyu ne a jere a fuskar talabijin, kowa ya zaɓi nasa a dambace. Babu wanda ya wahalar da bakinsa da sunayensu na asali, an raɗa musu na gida: Mahauci, Dogo, Ɗan Tauri, Soja, Gwaggo, da sauransu. Dokar shago kuwa ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin dannawar, ya koma bayan layi.

Da an idar da la'asar Nata'ala zai rufe rumfa ya nufi Zaitawa, ya zauna ya zaɓi Soja, wani ƙato mai kaki da takalmi kamar turmi. To in ya zauna, ya zaunu ke nan sai an kira magariba. Teloli, 'yan acaɓa, har wani malamin firamare, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗar. Kuma bawan Allahn nan ba ya ci ya yi shiru. Sai ya ɗaga babban yatsa ya hura masa iska, ya ce hannu ne. Shekara biyu cur yana faɗin haka, shekara biyu Lawal yana cewa ƙarya yake, Soja ne, ko akuya aka ɗora wa fad ta zaɓi Soja sai ta ci. Taubashi ne, babu damar fushi. Nata'ala ya yi ta dariya, amma wallahi maganar tana cinsa, don shi a duniya abin da yake so a yarda da shi ke nan, cewa hannunsa ne.

Sai ga shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Gari ya ɗauki zancen zaɓe, kowane bango fosta, kowane mai shayi ya zama masanin siyasa. Ran nan Nata'ala ya iso shago ya tarar an kashe talabijin, Lawal yana tsaye kan benci da hula a karkace yana jawabi. Wai tunda na Abuja sun koma bariki, na Zaitawa ma ya isa haka, za a kaɗa ƙuri'a a kan Soja. Ba takarda ba akwati, irin zaɓen nan na da za a yi, na bin layi. Masu son a kore shi su tsaya jikin bangon 'Yardada mai waina, masu son a bar shi su tsaya bakin kwata.

Mutum goma sha bakwai suka tafi jikin bango, har da wani mai gyaran rediyo da bai taɓa riƙe fad ba, ya zo wucewa ne kawai. Nata'ala ya waiga bakin kwata ya ga daga shi sai wata agwagwa. Lawal ya ƙirga ta, ya ce ƙuri'a biyu.

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Ya tsallaka ya shiga layin bango da ƙafarsa, ya ce shi ma a kori Soja, amma da sharaɗi. Ranar Juma'a a fito da Sojan sau ɗaya tak, Lawal ya riƙe shi, shi kuma jama'a su zaɓar masa wanda suka ga dama. Kafin ya rufe baki aka haɗa murya aka ce Gwaggo, aka kuma fashe da dariya har wani yana riƙe ciki.

Gwaggo wata 'yar tsohuwa ce, gajeriya, mai doro, makaminta laima. Tafiyarta kamar ta ɗauko tulu, dukanta kamar cizon sauro. Tun da aka buɗe shagon babu wanda ya taɓa zaɓarta sai bisa kuskure.

Kwana huɗu suka rage, kuma Lawal ya rantse ba zai bar shi ya taɓa fad ba kafin ranar. Sai Nata'ala ya yanko fata ya ɗinka nasa, daidai girman na shago, ya cusa auduga, ya kafa masa maɓallan riga shida. A rumfa yana dannawa, a hanya yana dannawa. Matarsa Zinariya ta ajiye masa tuwo ta dawo ta same shi ido a rufe yana ta matsar fata yana cije leɓe, ta tambaye shi ko a kira masu ruƙiyya. Abin da ba ta sani ba, ba Gwaggo yake bita ba, Soja yake tunowa. Shekara biyu yana cikin rigarsa, ya san naushinsa sama yake bi, ya san in ya kai wannan babban harbin nasa da ƙafa sai ya tsaya cak na ƙiftawar ido kafin ya dawo daidai.

Ranar Juma'a shago ya cika har waje. 'Yardada da ta ji wai za a sa ƙato ya daki tsohuwa, ta bar tanda a wuta ta zo ta tsaya bakin ƙofa da tsinken juya waina a hannu.

Zagayen farko ko minti ɗaya ba a yi ba Soja ya yi ƙwallo da Gwaggo, laima ta yi gabas ita ta yi yamma. Shago ya kaure. Lawal ya ɗaga babban yatsa ya hura masa iska. A karo na farko Nata'ala ya ji a ransa cewa wataƙila fa gaskiyar Lawal ne.

A na biyu sai ya daina kai hari. Ya durƙusar da Gwaggo, naushi yana wucewa ta saman kanta. Lawal ya ƙule ya saki babban harbin, Soja ya tsaya cak, Gwaggo ta miƙe ta ɗan ƙwala masa laima a gwiwa ta koma ta durƙusa. Haka dai, haka dai, sau ashirin da wani abu, har layin da ke nuna jinin Soja a saman talabijin ya tsiyaye, ƙato ya zube. 'Yardada ta rangaɗa guɗa, wainarta can tana ƙonewa. A na uku Lawal ya ruɗe gaba ɗaya, yana danna komai da komai har da gwiwar hannu, Gwaggo ta bi shi da laima har kusurwa ta gama da shi ko ƙwarzane bai yi mata ba.

Aka ɗaga Nata'ala sama aka zaga da shi lungu, ana Gwaggo ikon Allah. Lawal ya cire hula a gaban kowa ya ce ya yarda, hannu ne. Nata'ala ya yi dariya har da hawaye, ya saye ƙonanniyar wainar nan duka ya rabar.

Washegari ya zo da la'asar, ya zauna, ya zaɓi Gwaggo, ya jira. Babu wanda ya taso. Tela ya ce yatsansa ciwo yake, ɗan acaɓa ya tuna ana jiransa. Da can kowa yana zama ne da zaton ranar da aka raba shi da Soja zai ci shi, yanzu kuwa wa zai kai kansa tsohuwa ta yi masa duka da laima a gaban jama'a? Sai ya tashi sannan layi ya dawo. Kwana tara ana haka, yana zaune a ƙarshen benci yana kallon wasan mutane, yatsa yana masa ƙaiƙayi.

A na goma ya ja Lawal gefe, ya sassauta murya.

"Don Allah ɗan kawu, ka ce musu sa'a ce kawai na yi ran nan."

Lawal ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara hula.

"Ni in yi wa jama'a ƙarya? A'a, Malam Nata'ala. Hannu ne."