Kafaɗar Kaka

Duk shekara idan sabuwar doya ta fito, Kaka takan baro ƙauyenmu da ke bayan Paiko ta zo ta yi mana wata biyu a Fadikpe, unguwarmu a Minna. Mahaifiyar Baba ce. Tun ranar da ta sauko daga bas, murhun tsakar gida ke komawa hannunta. Mama tana da risho a kicin, amma Kaka ta ce doyar da ba ta sha garwashi ba an wulaƙanta ta. Da an yi magariba sai ta hura wuta a ƙarƙashin rumfar kwano, ta jera doya, mu kuma mu kewaye ta: ni, da ƙanena Dauda, da Maryamu 'yar baffanmu, wadda takan rugo daga koyon waƙa a coci don kada a fara babu ita. Kaka tana kankare ƙonon doya da bayan wuƙa, tana tsoma mana a manja da yaji, tana ba da tatsuniya.

Tana da yadda take buɗe labarinta. Takan ƙwanƙwasa wuƙa a dutsen murhu sau biyu ta ce, "Ga wata ta iso, ƙafarta duk taɓo." Mu kuma mu amsa, "Ta wanke ta shigo."

Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Hausar Kaka ta kasuwa ce. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, in kalma ta ɓace mata kuma sai ta ɗauko ta Gbagyi ta cike gurbin. Akwai kuma abin da ko ba ta buɗe baki ba yake nuna ko ita wace ce: ba ta ɗaukar kaya a ka. Kamar sauran matan ƙauyenmu, a kafaɗa take ɗora ƙatuwar ƙwaryarta, kusa da wuya, ta ɗan sunkuya tana tafiya da sauri.

Ni yarinya ce mai shiru. Littattafaina duk na yi musu bango da takardar buhun siminti, ba na jan layi sai da rula, kuma ko na san amsar tambayar malam ba na ɗaga hannu. Babban burina a aji biyar shi ne kada kowa ya waiwayo ya kalle ni.

Kaka ba ta iya zaman banza. A shekarar da nake magana, ta samu ciniki da matan da ke suyar doya a ƙofar makarantarmu, ni kuwa ban sani ba. Wata Talata an fito cin abinci, ina zaune a gindin mangwaro da littafi a cinya, sai na ji dariya ta tashi. Na ɗaga ido, ga Kaka ta nufo ƙofa, doya jibge a kafaɗarta, zaninta ɗaure a ƙirji. Zulai, wadda ta fi kowa baki a ajinmu, ta ɗauki jakarta ta ɗora a kafaɗa, ta karkace wuya tana kwaikwayon tafiyar. Ta ce wai a garin su wannan tsohuwa kai ado ne kawai, ba a yin komai da shi. Sannan ta tambaya ko akwai wanda ya san ta.

Nisan da ke tsakanina da Kaka bai fi taku ashirin ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kallon shafi ɗaya har aka kaɗa ƙararrawa. Ban karanta ko harafi ba.

Yinin ranar tambaya ɗaya ce ke cina: ta gan ni ko ba ta gan ni ba? Da na dawo gida ta amsa gaisuwata kamar kullum. Da magariba ta hura wuta, ta ba Dauda wutsiyar doya, ta ba ni tsakiya, wurin da ta san na fi so. Na riƙe ta a hannu ban ci ba. Sai ta ƙwanƙwasa wuƙa.

Ta ce a zamanin da, matan wani ƙauye a kai suke ɗaukar kaya kamar kowa. A cikinsu akwai wata yarinya da aka haifa da taushin maɗiga, ko gammo aka ɗora mata sai idonta ya yi ja. Don haka ta koyi ɗauka a kafaɗa. Ranar kasuwa, idan mata suka jeru a hanya, sai su tura ta can ƙarshen layi don kada baƙi su gan ta a tsakiyarsu. Har sunanta ya ɓace, kowa na kiranta Tabaya.

To, mai kaya a ka ba ta iya juya wuya. Ƙeyar ta gabanta kaɗai take gani daga gida har kasuwa. Tabaya kuwa kanta sake yake. Tana tafe tana kallo. Ta san kukar da aradu ta tsaga, ta san surin da ya yi kama da tsohuwa a durƙushe, ta lura da wata siririyar hanya da birai ke bi su hau dutse, can inda rafi ya matse har ɗan akuya zai iya tsallakewa.

Kaka ta juya doya a wuta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Tabaya tana da ƙanwa a cikin layin nan. Ita ba ta dariya. Amma idan ana dariyar, ƙasa take kallo."

Maryamu ta ce ai wannan ƙanwa ta fi masu dariyar mugunta. Kaka ta ce a'a, tsoro ne, kuma tsoro ba mugunta ba ne, sai dai idan ya daɗe a jiki yakan zama ita.

Wata rana suna kasuwa aka tafka ruwa a kan duwatsu. Da suka juyo gida suka tarar rafi ya cika ya tafi da itacen da suke takawa su haye. Rana tana faɗuwa, jarirai suna can ƙauye suna jiran nono. Babbar cikinsu, wadda ta shekara talatin tana bin hanyar, ta ce ita ba ta san wani mahayi ba. Sai wata ƙaramar murya daga baya ta ce ta ga inda birai ke bi. Ranar layi ya juya, ta baya ta zama ta gaba. Ta bi da su ta gindin tsagaggiyar kuka, ta gefen suri, ta kan dutse, har suka haye babu wadda ko zaninta ya jiƙe. Da mai gari ya tambaye ta yadda aka yi ta san hanyar da manya ba su sani ba, sai ta ce ita dai kanta ba shi da wani aiki sai nasa. Washegari mata suka zubar da gammo.

"Kan mutum ba jaki ba ne," in ji Kaka. "Shi ke gani, shi ke tunawa, shi ke kai mutum gida. Ba a ɗora wa mai gida buhu." Ta kakkaɓe toka daga hannunta ta ce labari ya sha ruwa ya koma inda ya fito.

Dauda da Maryamu suka tashi wanke hannu. Ni na zauna. Na tambaye ta me ya faru da ƙanwar. Sai a lokacin ta dube ni sosai, hasken garwashi a idonta.

"Wanda ya ba ni labarin bai kai nan ba, Asabe. Ni ma jira nake in ji."

Ta gan ni ke nan.

Kwana uku ina shirya abin da zan yi, yadda nake shirya jarrabawa. Har na rubuta jimlar da zan faɗa a bayan littafin lissafi, na gyara ta sau huɗu. Ranar Juma'a da aka fito cin abinci na tsaya a bakin ƙofa maimakon gindin mangwaro. Sai ga Kaka ta ɓullo. Jimlar da na haddace ta ɓace gaba ɗaya. Abin da na iya yi kawai, na taka na durƙusa na gaishe ta da Gbagyi, da ƙarfin da ban san muryata na da shi ba. Na ciri doya biyu daga ƙwaryarta na ɗora a kafaɗata, muka ƙarasa wurin masu suya tare. Ƙasar doyar ta ɓata mini farar riga.

Ba zan yi ƙarya in ce kowa ya yi shiru don kunya ba. An yi dariya fiye da ta Talata. Zulai ta laƙaba mini Bagwariya Mai Kafaɗa, sunan ya bi ni har aji shida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai yi zafin da na zata ba. Kwana ukun da na yi ina kauce wa idon Kaka sun fi shi zafi nesa. Kaka kuwa ba ta yaba mini ba. Ta ce dai na ɗora doyar can bakin kafaɗa kamar baƙuwa, ta matso mini da ita kusa da wuya, ta ce haka ake yi.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin kirarin ƙabilarmu, wato mu ne masu wayo, sauran mutane ƙeya kawai suke kallo. Yanzu da nake shekara ta uku a jami'a a nan Minna, na ga ba haka ba ne. A ɗakin kwananmu akwai 'yar Bida da ba ta amsa wayar mahaifiyarta sai ta fita baranda, don kada mu ji Nufanci. Akwai wadda babanta ke tura baro a kasuwa, ita kuma ta ce mana ɗan kasuwa ne. Ba na yi musu wa'azi, don na san ɗanɗanon abin. Kowannenmu akwai wanda ya sunkuya ya ɗauki nauyi domin kanmu ya samu sararin karatu, kuma sau da yawa shi ne mutumin da muka fi jin nauyin nunawa. Har gobe ba ni da yawan magana. Amma na daina haɗa shiru da ɓuya. Idan aka tambaye ni daga ina nake, nakan faɗi sunan ƙauyen, ba Minna ba.

Kaka ta daina zuwa Fadikpe, ƙafa ta ƙi. Ni ke shiga motar Paiko duk hutu. Nakan shafa mata man kaɗanya a kafaɗar hagu, wadda ta fi ta dama sauka, da wata kanta mai tauri kamar tafin ƙafa, faɗin hannuna. Ban taɓa taɓa wani abu da na yi alfahari da shi kamar wannan kantar ba. Hutun da ya wuce ta sa na karanta mata littafin darasina da Turanci, ba ta jin ko kalma, amma ta saurara har ƙarshen babi. Da na rufe, ta tambaye ni ko duk wannan yana cikin kaina. Na ce ina dai ƙoƙari.

"Da nauyi?"

"Da nauyi, Kaka."

"To, madalla," in ji ta, ta juyo mini da ɗaya kafaɗar. "Ai shi ne kayan kai."