Kujerar Maƙogwaro

A maɗaba'ar da ke bayan tashar mota ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Maƙogwaro ake ce masa, domin da muryarsa yake ci. Kafin a kai littafi inji, shi ke riƙe rubutun hannun marubuci yana karantawa da ƙarfi, abokin aikinsa Jan Biro yana bin bugun gwajin da rula yana kama kuskure. Ɗaya baki, ɗaya ido. Har waƙafi da aya sai ya furta su. A kan teburi guda suka yi furfura, gwiwa na gugar gwiwa, kuma kowa ya san Jan Biro ba ya dariya sai Maƙogwaro ya sauya murya ya kwaikwayi marubucin.

Maƙogwaro ba mugu ba ne, amma ba a cika kiransa mutumin kirki ba. Yana da rowa, yana son yabo. 'Ya'yansa sun watse, saura shi da matarsa mai ɗinki a ɗaki biyu. Aboki kuwa ɗaya gare shi a duniya.

Sai mai maɗaba'a ya sa wata manhaja a kwamfuta. Kyauta ce. Wasu mutane ne daga ƙasashe barkatai suka haɗu suka gina ta, suka bar cikinta a buɗe, kowa na iya leƙawa ya ƙara abin da ya sani. Ba ta da ado ko kaɗan. Baƙin allo ne, ka rubuta mata umarni layi guda da sunan littafin, kafin ka kurɓi shayi ta zubo duk kalmar da ba ta gane ba. Marubuta ma sun daina kawo rubutun hannu. Aka mai da Maƙogwaro ɗakin yankan takarda, ba a taɓa albashinsa ba.

Ya zaci Jan Biro zai yi zaman makoki. Ina. Mutumin ya rungumi abin hannu bibbiyu. Ƙamus ɗin manhajar bai da ƙiba a harshensu, sai ya shiga ƙara masa kalmomi yana aika wa masu kula da ita, su kuma suna aiko masa godiya. Wata rana Maƙogwaro yana danna wuƙar inji ya jiyo dariya ta bango. Dariyar nan da ya sani ce, mai ƙarewa da tari. Ya leƙa, ya ga Jan Biro shi kaɗai da allo.

"Mutumina, aljanu ne suka ba ka labari?"

"Wani malami ne can ƙetare. Na aika masa kalma, ya ce ya gwada furta ta har haƙorin robarsa ya faɗo."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gaishe shi. In ka kwanta ciwo sai ya zo dubiya."

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ba ta ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

"Malam, an rage maka kuɗi ne?"

"A'a."

"An zage ka?"

"Yana dariya da mutanen da bai san fuskarsu ba."

"To haramun ne? Kai ka yanke masa cibiya?"

Ba a daɗe ba Jan Biro ya shigo ɗakin yanka da kansa, tabarau a goshi. Ya ce idonsa ya fara gajiya da allon. Kalmomin da manhajar ke zubowa suna da yawa, wasu kuskure ne, wasu kuwa daidai suke, ita ce ba ta san su ba. Yana so wani ya zauna gefensa yana karanto su, shi yana tantancewa. Ya riga ya roƙi mai maɗaba'a, an yarda.

"Kujerarka tana nan, ko matsar da ita ban yi ba."

Zuciyar Maƙogwaro ta yi tsalle, amma bakinsa ya riga ta.

"Wato in zama ɗan aiken na'ura. Ni da na karanta littattafai sukutum, yanzu in riƙa tsintar abin da ta tofar."

"Haba, aboki. Aikinmu ne dai."

"Aikinku ne, kai da mai haƙorin roba. Ni maƙogwarona ma ciwo yake."

Jan Biro ya sauke tabaransa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Maƙogwaro ya bi bayansa da kallo yana jiran ya juyo. A lissafinsa gobe zai dawo, jibi ma ya dawo, sannan shi ya yarda kamar wanda aka tilasta. Ya manta Jan Biro mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Washegari Jan Biro ya aiko masa da zuma a kwalba saboda maƙogwaron, ya kuma kira wata mata da ke ɗinkin littattafai a maɗaba'ar ta zauna a kujerar.

Muryarta siririya ce, tana haɗiye ƙarshen kalma, tana numfashi inda bai kamata ba. Duk Maƙogwaro yana ji ta bango. Ya kai ƙara wurin matarsa, ya ce ana kashe karatu da ransa.

"Ka je ka ce ka warke mana."

"In je in roƙe shi?"

"To zauna. Girman kai rawanin tsiya."

Bai je ba. Yana nan a ɗakin yanka har yau, ya iya aikin kuma, gefen takardarsa ba ya karkacewa. In sun haɗu a bakin ƙofa suna gaisawa, Jan Biro ya tambayi jiki, shi ya ce da sauƙi. Matar ta saba da aikin. Kwanan baya ma ta fara kwaikwayon muryoyi, kuma idan dariyar ta taso, Maƙogwaro yakan kunna inji ko da babu takardar yankawa.