Kantar Anti Laburare a Ɗakin Baya

Ranar Litinin, tara ga watan Maris, na isa ƙofar laburare na tarar da mai gadi a tsaye ya cire hula. Tun kafin in gaishe shi ya ce, "Baba, sai haƙuri. Anti ta rasu da safe." Na Allah muke, kuma gare Shi ake komawa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In sa takalmi in cire, in fita bakin titi in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba.

'Yata, ɗalibai ne suka sa miki suna Anti Laburare, har mu tsofaffi muka bi. Ke kika riƙe ɗakin baya, inda ake ajiye tsofaffin wasannin kwaikwayo na Ingilishi, masu ban tausayin nan da ake ƙarewa da gawarwaki a dandamali. Na karance su tun ana dukanmu a kan haddarsu, na kuma koyar da su har na yi ritaya. Da mai ɗakina ta rasu, ido ya fara gazawa, sai na zo neman bugu mai manyan haruffa. Kika ba ni kujera kusa da taga.

Kina da tsarinki. Kowane wasa kin haɗa shi da 'yan uwansa a kanta ɗaya: littafin wasan, kaset ɗin da aka ɗauka a dandamali, sannan sharhin masana. Ba kya barin kowa ya taɓa sharhi sai ya tashi tsaye ya faɗi maganganun da bakinsa, ya kuma kalli kaset. Na ji wani ɗalibi yana roƙonki wai jarrabawa ta matso. Kika ce, "Ɗan'uwa, mutumin nan na cikin wasan bai mutu a bakinka ba tukuna, me masana za su gaya maka? Tashi ka mutu mu gani." Ya faɗi kan tabarma har da shure-shure, muka yi dariya har da hawaye.

Haka zaman Laraba ya samu. Bayan la'asar ki raba mana rawar da kowa zai taka a wasan, mu karanta a tsaye. Ni kullum wanda ake kashewa da wuri kike ba ni. Na yi ƙorafi, na ce ko sau ɗaya a bar ni in kai ƙarshe. Kika ce, "Haba Baba, ai babu wanda ya iya faɗuwa kamarka." Na daɗe kafin in gane kin lura ƙafafuna ba sa jure tsayuwa, kina nema mini hanyar zama ba tare da kin kunyata ni gaban yara ba. Ga shi yau ni ne a tsaye, ke kin riga ni.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Shugaban laburare, mutumin kirki ne kuma ya yi kukanki, ya ce za a mayar da komai bisa lamba kamar sauran sassa. Littattafan wasa su tsaya ƙasa, sharhi ya hau bene, kaset-kaset su tafi sito tunda na'urar kallonsu ta tsufa. Ni ba na iya hawa bene. Na je na same shi, ya ce, "Baba, in na ga masu amfani da ɗakin ranar Laraba mai zuwa, zan bar shi yadda yake. In kai kaɗai ne, ba ni da hujja."

Na ce zan kira su. Sai a hanyar gida na tsaya cak, don ban san sunan kowa ba. Da rawar da mutum ya fara takawa kike kiransa, muka saba da hakan. Lambobin wayarsu kuma suna wurinki. Na zaga tashar mota, na leƙa shagon ɗinki inda nake zaton ɗaya tana aiki, aka ce ba a gane wadda nake nufi ba. Yaya za a gane, ina tambayar Uwar Sarki?

Saboda haka wanda ya ga wannan rubutu ya isar. Manzo, Likitan Fada, Uwar Sarki, Mai Gadi na Biyu, da kai dogon nan da ba ka taɓa yarda ka mutu shiru ba: Laraba bayan la'asar. Zan riga ku zuwa, amma idona ba ya ganin layi sai wani ya fara ja mini baki.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta wadda ta ga abin da uwa ba ta so ta gani. Allah Ya ba ku haƙuri. 'Yata, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki wurin hutawa a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.