Zanen da Na Goge a Ƙirjin Yaya

Kwalbar ta riga ni shiga gidan mijina. Daga Rasha ya zo da ita, inda ya yi karatunsa na farko, ya kai ta Zariya, daga nan ta biyo mu har Greensboro ta Amurka a naɗe cikin safa. Irin kwalbar maganin tari ce, a cikinta wani mai ja kamar manja, mai warin tsami. Ya ce daga 'ya'yan wata bishiyar ƙaya ake tatsar sa, 'yan ƙanana masu launin lemo, waɗanda ke fitowa a ƙasashen sanyi, kuma a asibitocin can da shi ake shafa wa ƙuna da gyambo. Sunansa na Rashanci ya fi ƙarfin harshena, sai na raɗa masa man ƙaya. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai ranar da man suya ya fallatso mini a hannu ina ƙosai. Kwana goma ina shafawa, wurin ya rufe ba tabo. Tun daga ranar duk baƙon da ya shigo ɗakinmu na High Point Road sai ya sha labarin man nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin yayar mijina ta zo jinya. Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu. Mace ce mai kaifin baki, mijinta ya rasu, da cinikin atamfa ta riƙe 'ya'ya biyar. Ina kiran ta Yaya, ita kuma amarya take ce mini, ko da yake shekarata huɗu da aure. Tuwona ba ya burge ta, ta ce garin Amurka ne ya lalata ni, amma in ina wanke-wanke sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

An yi mata aiki an cire nonon. Bayan ta ɗan murmure likita ya ce saura gashi da na'ura, mako shida, kullum ban da Asabar da Lahadi, don a kashe abin da wuƙa ba ta gani ba. Mijina yana tsakiyar rubutun digirinsa, da sassafe yake fita jami'a sai magariba, saboda haka ni nake raka ta a bas.

Ranar farko aka shiga da ita wani ɗaki aka bar ni a waje fiye da awa guda. Da ta fito ba ta dube ni ba. Sai da muka koma gida ta sa na ja labule, ta buɗe ƙirjinta. An zana mata layuka da tawada shuɗiya mai ratsin ja, daga tsakiyar ƙirji har hammata, da 'yan alamomi a kusurwoyi.

"Maza uku, amarya," ta ce. "Da abin awo, kamar masu yankan fili. Ɗayan bai kai ɗana na fari ba. Hannuna a sama, fitila a kaina. Mijina har ya koma ga Allah bai taɓa ganina a haske haka ba."

Shi gashin na'urar bai dame ta ba, don mata biyu ne ke yin sa, kuma minti kaɗan ne. Zanen ne ke nuna musu inda za su saita na'urar. Wata nas baƙar fata, dattijuwa, ta kama wuyan hannuna ta maimaita mini a hankali har sau uku: kada sabulu ya taɓa wurin, kada mai ya taɓa, in zanen ya goge sai an sake komawa ɗakin awo. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma wannan na ji shi sarai. Ba zan fake da rashin ji ba.

A mako na huɗu fatar ta yi baƙi, ta tsage, ta fara saɓulewa tana tsattsafo da ruwa. Ko ƙyalle ba ta so ya taɓa ta. Ana tsananin sanyi a waje, ita tana zaune a falo da zani a ƙugu, fanka na hura mata. Ba ta kuka, sai dai ta riƙa cizon leɓe tana jan carbi, kuma ta daina kushe tuwona. Wannan shirun ya fi komai tsorata ni.

Wata Asabar da hantsi, mijina ya fita, ta ce, "Ina man nan da kika ishe mu da shi?"

"Yaya, nas ta hana."

"Nas ce ke ɗauke da wutar nan ko ni?"

Na ɗauko kwalbar. Niyyata in bi tsakanin layukan da auduga, in kauce wa tawadar. Amma mai ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Audugar farko da na ɗaga ta fito da shuɗi a jikin jan. Na dubi Yaya, idonta a rufe, kafaɗunta sun sauka karo na farko cikin kwanaki. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ranar Lahadi na sake shafawa sau biyu. Da safiyar Litinin babu layi ko ɗaya a ƙirjinta.

Na sa mayafi na ce mu tafi, a sake zanawa. Ta ce, "Ki zauna. Wanda ya gani ya gani, ba za a ƙara ba. Ba ga shi zafin ya tafi ba?"

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce zan gaya wa ƙaninta. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya masa. Ki gaya masa kuma wa ya shafa." Na cire mayafin na rataye.

Da magariba mijina ya shigo yana cire takalmi ya ce, "Kun je?" Na ce, "Mun je." Haka na faɗa ranar Talata, haka ranar Laraba. Bayan nan ma ya daina tambaya, tunda yana ganin yayarsa tana cin abinci tana tsokanarsa.

Tarho kuwa bai huta ba. Ƙarfe goma na safe sai ya ɗauki ƙara, daidai lokacin da ya kamata a ce muna can. Mu biyu mu zuba masa ido har ya gaji. Ran nan na ɗauka, na ji muryar dattijuwar nas. Na ce mata Yaya ta samu sauƙi. Ta ce fata daban, ciki daban, a kawo ta ko da yau ne. Na ce to, na ajiye. Yaya ta ce me ta ce, na ce gaisuwa ce. Bayan kwanaki wasiƙa ta zo daga asibitin da sunan mijina a kai. Na ɗaga gefen kafet na falo na tura ta ciki, kuma duk sharar da zan yi sai na ji tudunta a ƙarƙashin ƙafata.

Fatar ta warke, wannan gaskiya ne. Cikin mako uku sabuwa ta fito, sumul, mai laushi kamar ta jariri. Har yau ban san ko man ne ba, ko daina gashin ne, ko duka biyun. A lokacin dai man na ba wa, kuma in na faɗi gaskiya har alfahari na ji. Da kwanakin gashin suka cika a lissafin mijina, ya yi hamdala, ya sayo kaji aka yi sadaka. Ya ce zai kai ta wurin likita a duba ta kafin tafiya, Yaya ta ce an riga an sallame ta, ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, amarya?" Na gyaɗa kai. Ta koma gida da sauran man a jakarta.

Wata bakwai bayan nan wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mana kaset, don a lokacin haka ake aiko da saƙo. Bayan la'asar muka zauna a falo mijina ya kunna. Yara suka yi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, sai muryar Yaya. Ta rame, ana ji a muryar, kuma kowace jimla sai ta tsaya ta yi tari. Ta ce lafiya lau take, sai dai wani ɗan ƙullutu da ya fito mata a saman ƙashin wuya, da wani a hammata. Tana ta shafa man, amma kwalbar ta ƙare. Ƙaninta ya rubuta wa abokansa na Rasha su aiko da wata.

Mijina ya daina murmushi. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Amma ai an gama gashin. Mako shida cif aka yi."

Na tashi na ɗaga gefen kafet. Wasiƙar ta yi ƙura, ta lanƙwashe saboda taku. Na ajiye ta a gwiwarsa na koma na zauna a ƙasa. Yana yage ambulan kaset na ci gaba da juyawa.

"Amarya kuma," in ji Yaya, ta yi tari mai tsawo, "ka riƙe ta da kyau. Duk likitocin nan naku ba wanda ya ji tausayina sai ita. Hannunta na da albarka."

Bai yi mini faɗa ba, ko a ranar ko daga baya. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ninke, ya rubuta wa abokinsa na Rasha kamar yadda ta roƙa. Kwalbar ta iso Greensboro mako biyu bayan an yi sadakar bakwai ɗin Yaya. Ya miƙo mini ita, na karɓa da hannun da ta yaba.