Tanti Na'omi, Wadda Ta Sa Aka Zare Wayar Kuran

Kafin bakwai na safe Tanti Na'omi Garba ta bar gidanta a Boukoki, da kwanon abincin rana ɗaure a ƙyalle. In ban da mai gadi, babu mai riga ta isa biro, wato ofis. Ba ta zama sai ta fara leƙa ɗan ɗakin ƙarshen baranda, inda manyan na'urorin ajiyar bayanai, waɗanda ake kira serba, suke ta gurnani. Takan ɗora bayan hannunta a jikin kowace, kamar uwa mai duba zazzaɓi, ta rubuta abin da ta ji a littafinta. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma cikin dubban gidajen da suka ci gero bana ta dalilinta, da wuya a sami ɗaya da ya san sunanta.

Damanar bara ta yi gardama. Da soja suka karɓi mulki aka fito fili aka ce akwai yunwa, sai aikin raba hatsi ya faɗo kan biron su Tanti. Sunayen gidaje sun haura dubu ɗari uku, cikin jadawali uku masu ɗaure da juna: na ƙauyuka, na gidaje, na rumbuna. In ka tambayi wane gida ne bai samu ba a kanton kaza, wato gunduma kaza, dole na'ura ta bi ukun ta haɗa. Tsohon tsarin ya gaji. Kamyo, babbar motar kaya, yakan yi lodi tun hantsi, ya tsaya jiran takarda har la'asar.

Aka kawo sababbin tsari biyu a zaɓi ɗaya. Direkta, Malam Mamman, ya riga ya ƙyasa wanda ya zo da takarda mai ƙyalli, mai cewa babu kamarsa a sauri. Ya ce Tanti ta sa hannu kawai. Halinmu ke nan, kuma shi ne ke kashe mu: a kawo mana kaya da hoto mai kyau, mu buga hatimi, mu koma shan shayi, in ya lalace mu ce ƙaddara. Tanti ta ce masa wannan saurin an auna shi ne a ɗaki mai sanyi, a ƙasar da kuran, wato wutar lantarki, ba ya ɗaukewa, kuma sunan da ya ɓace a nan tukunya ce da ba za a ɗora ba. Ta roƙi kwana huɗu.

Ta sami na'ura biyu iri ɗaya, ta zuba wa kowace tsari ɗaya da sunaye iri ɗaya, ta rufe sunan kowane tsari da takarda don kada kowa ya yi kara. Ɗaya ta zama Ta Dama, ɗaya Ta Hagu. Tambaya goma sha biyu ta yi musu, kowace sau goma, Balkisa sakatariya tana riƙe da agogo. Da mutum ɗaya ke tambaya, Ta Dama ta yi wa Ta Hagu fintinkau, kuma Tanti ta rubuta hakan ba ragi.

A rana ta huɗu kumandan da aka ɗora kan rabon ya zo da kansa, ransa a ɓace saboda jinkiri. Ya tarar Tanti ta tara mutum talatin, har direbobi da masu shara, kowa gaban allo, kowa da takardar sunaye ashirin na danginsa da zai shigar na gwaji. Ta tafa hannu aka fara tare. Hamidu direba yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, ana ta yi masa dariya, yana cewa sitiyari ya fi wannan mutunci. Can Ta Dama ta fara nishi, layi ya taru mata, Ta Hagu kuwa tana tafiyarta ta raƙumi, ba gudu ba tsayawa.

Ana tsakiyar haka Tanti ta nuna bango.

"Mon kumandan, don Allah zare wayar nan."

"Madam, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. In ba ka zare yau ba, gobe da azahar za ta zare kanta, kuma lokacin sunayen gaske ne a ciki."

Ya dube ta, ya dubi direkta, ya sunkuya ya zare. Na'urorin biyu suka mutu. Da aka mayar, kowa ya ɗauki takardarsa yana nema. A Ta Hagu duk sunan da ta ce ta karɓa yana nan. A Ta Dama arba'in da ɗaya sun yi layar zana, domin takan amsa da "na ajiye" tun abin yana hannunta bai sauka ba. Saurin nata ke nan.

"Tanti," in ji Hamidu, "wannan ta damar ta haɗiye mini uwa da kawu biyu, kuma ko gyatsa ba ta yi ba."

Har kumandan sai da ya dafa kujera don dariya. Ya ce a ɗauki Ta Hagu, sannan Tanti ta ɓare takardun da suka rufe sunayen tsarin. Ta Dama ce mai ƙyallin. Malam Mamman, a ba shi haƙƙinsa, ya yi dariyar kansa ya sa hannu nan take. Daga makon nan kamyo ya koma fita kafin rana ta take. Kuran ya ɗauke sau ba adadi tsakanin bazara da kaka, kuma Balkisa shaida ce, ba a taɓa dawo da takarda an ce gidan wane ya faɗi daga lissafi ba.

Ke ce, Tanti, kika nuna mana cewa "ban yarda ba sai na gwada" ba rashin ladabi ba ne. Ke ce kika faɗi inda zaɓinki ya sha ƙasa kafin ki faɗi inda ya ci. 'Yar Dogondutsi, mai awo ba son kai, mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa jikoki su gajiyar da ke fiye da serba.

Mu kuma da muka fito lakwal, makarantar boko, da manyan takardu, kunya ta ishe mu haka. Gobe za a ajiye wa ɗayanmu wata takarda mai ƙyalli a ce ya sa hannu. Kafin ya ɗauki alƙalami, ya tuna akwai wata mata a wani ƙauye da ta riga ta wanke tukunya, ya tashi ya je ya gwada.