Kunyar Ɗan Fari a Rumfar Sha'aban

Yayata Sakinatu mai ƙuli-ƙuli ce, kuma duk ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir babu wanda bai san hannunta ba. Tun tana amarya take suyar gyaɗa, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli siriri mai yaji. Mace ce mai baki, in ka yi mata tayin wulaƙanci sai ta wanke ka tas a gaban jama'a. Abu ɗaya ne ke ɗinke mata baki, shi ne ɗanta na fari, Abdulhadi.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, amma Yaya ta kai ta maƙura. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ni na yi goyonsa har bayana ya gaji. In ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta ce in duba shi. Na sha yi mata tsiya, in ce, "Yaya, tsintarsa kika yi a hanyar kasuwa?" Sai ta ce in kama bakina.

Da ya girma ya shiga fataucin albasa zuwa Kudu, ya sayo mata babbar waya, irin ta shafawa. Ya saita mata ita da babban yatsanta, tana ɗorawa ta buɗe. Abin da ba sa iya yi ido da ido sai waya ta ɗauke musu. Ya riƙa aiko mata saƙon murya: ya ƙafar, ta sha magani kuwa, ta rage zaman gaban wuta. Ita kuma amsarta ba ta wuce, "To, Allah ya yi albarka."

Bara waccan motar albasarsu ta faɗi a hanya. Aka kawo gawarsa, wayarsa kuwa ba a ga ko murfinta ba. A zaman makoki Yaya ba ta zubar da hawaye ba, ita ce ma mai raba wa baƙi fura.

Katangarmu ɗaya da ita. Wata safiya ina alwala sai na ji muryar Abdulhadi daga ɗakinta, tar, yana cewa, "Inna, kin tashi lafiya?" Na saki buta ta tarwatse, kafin hankalina ya dawo na gane waya ce. Daga nan kullum bayan asuba sai na ji shi. Ba ta taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba. Duk abin da ya rage mata na ɗanta yana cikin wannan wayar.

Ran nan aka karɓo ta daga wurin caji, sai ga shi ta sauya kama. Mai cajin ya ce ta sabunta kanta ne, ta mutu ta tashi, wai haka masu ƙera su ke turowa. Wa ya roƙe su? Yaya ta ɗora yatsa, shiru. Ta goge shi da zani, ta hura, ta sake ɗorawa, shiru. Sai wasu ɗige-ɗige da suka fito, ana so a ja zane a kansu kafin ta buɗe. Abdulhadi ne ya yi zanen tun ranar farko, bai ga dalilin koya mata ba tunda yatsa ya wadatar. Safiyar da ta biyo baya katanga ta yi tsit, ni kaina sai da na ji babu daɗi.

Ran kasuwa muka tafi Minjibir. Na tsaya awon gyaɗa, ita ta wuce rumfar Sha'aban mai gyaran waya. Abin da ya faru kafin in iso, daga bakinsa na ji.

Ya duba ya ce, "Inna, tunda ba a san zanen ba, sai dai a yi mata filashin, komai na ciki ya goge ta dawo sabuwa. Akwai abin da kike so a ciki?"

To a kan bencin rumfar akwai maza suna jiran nasu gyaran, cikinsu har da Malam Tahir, uban matar Abdulhadi. Surukinta ke nan. Yaya mai wanke ɗan kasuwa tas, ina za ta iya buɗe baki a gaban suruki ta ce muryar ɗanta na fari take saurara? Ta ja mayafi ta ce, "Babu komai, ɗan nan." Nufinta in Malam ya tashi ta matsa ta raɗa masa.

Malam Tahir kuwa mutum ne mai doguwar gaisuwa. Ta durƙusa, fuska a gefe, yana tambayar gida, da damina, da jikoki ɗaya bayan ɗaya, da ciwon ƙafa, tana ta "Lafiya lau, alhamdulillahi." A bayanta Sha'aban ya riga ya jona wayar a kwamfuta. Shi a ganinsa girmama tsohuwa yake, kada ta daɗe a tsugune.

Na iso daidai Malam yana saɓa babbar riga zai tafi, Sha'aban kuma yana miƙo waya da murmushi. "Ga ta, Inna, fes. Kawo yatsan."

Yaya ta leƙa ta ce a hankali, "Ina wurin da ake jin magana?"

"Wace magana?"

Na ce, "Sha'aban, me ka yi? Muryar marigayi ce a ciki!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya yi salati, ya dafe kai. "Inna, don Allah me ya hana ki faɗa? Wallahi da ban taɓa ta ba. Ai da an tambayi Juwairiyya, ta yiwu ta san zanen mijinta." Juwairiyya, 'yar mutumin da ya gama gaisawa da Yaya yanzun nan. Na rufe shi da faɗa, na ce gaggawar me yake kamar ana korarsa, amma a raina na san ya tambaya, an kuma ba shi amsa. Ya yi ta latse-latse, gumi yana ɗiga a kan teburin, bai samo ko tari ba.

Yaya ta miƙe. Ta ƙulle wayar a bakin zani muka kama hanya, ko tiren ƙulin ba ta tuna ba, ni na ɗauko. Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Sai da muka bar titi muka shiga tsakanin gonakin dawa, inda babu kowa, ta tsaya cak.

"Aina'u, akwai saƙo guda ɗaya da ya aiko ranar da suka taso. Ban buɗe ba."

"Shekara biyu, Yaya? Me kike jira?"

"Cewa na yi in na buɗe, shi ke nan ya gama yi mini magana."

Ta zauna a kan kunyar dawa, ta rufe fuska da mayafi, ta fasa kukan da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba.