Hanyar Bakin Teku a Barandar Asibiti

Hunturu ne, kuma shekarar nan sanyin London ya shiga ƙashin kowa, balle na 'yata mai ciwon sikila. Shekarunta goma sha huɗu. Mun fi kwana a asibitin Camberwell a kan flat ɗinmu.

Wata nas, baƙar fata 'yar tsibiran Karibiyan, ta ba ta wani ɗan littafin masu yawon buɗe ido. A ciki akwai hoton babban birnin Kuba: doguwar hanya a bakin teku, da gajeriyar katanga da mutane ke zama a kai da yamma, wasu na kamun kifi, ruwa na fantsamowa har kan motoci. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, Turancin ya fi ƙarfina. 'Yata ke karantawa, ni ina kallon hotuna.

"Mama, can ba sanyi," ta ce da Turanci, don da shi take amsa mini kullum. "Ƙashina ba zai yi ciwo ba."

Likita ya ce in ta iya takawa da ƙafarta har ƙarshen barandar ɗakin jinya, zai sallame ta ta yi Sallah a gida. Sai ta mai da barandar ta zama hanyar bakin tekun nan. Ƙofar banɗaki ita ce wurin masunta. Kujerar masu jira ta zama teburin mai gyaɗa. Taga ta can ƙarshe kuwa ita ce tsohuwar ganuwa mai fitilar jiragen ruwa da ke cikin littafin.

Kullum da hantsi sai mu fito, tana dafe da kafaɗata.

"Mama, tattare zaninki, ruwa zai jiƙa ki!"

"To, uwata, na tattare."

Kuma da gaske nake tattarewa, nas-nas suna dariya.

Mun wuce masunta. Wata Laraba muka kai wurin mai gyaɗa, ta zauna tana haki, ta ce gobe sai ganuwa. Da la'asar ciwon ya hau ƙirjinta. Ba ta sake sauka daga gado ba. Ranar Juma'a Allah ya karɓi abarsa.

Washegari da safe na koma ɗaukar kayanta. Na rungume jakar, na bi barandar a hankali, na wuce banɗaki, na wuce kujera, har taga. Wurin ajiye motoci ne a ƙasa, da kwandunan shara. Sai a nan na lura hannuna na riƙe da bakin zanina.